Wa Ya Buga Babbar Ganga?

Laraba, 10 ga Satumba, bayan magariba

Yau an yi wani ɗan abu a wurin atisayen badujala. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma tun da na dawo gida yake yi mini yawo a kai, shi ya sa na ce bari in rubuta shi in huta.

Muna bayan ajujuwa, jikin katanga, muna shirin faretin ɗaya ga Oktoba. An ɗauke wuta tun safe, don haka ladanin masallacin Malam Muhyiddeen, wanda ke bayan katangar makarantarmu, da bakinsa ya yi kiran la'asar, babu lasifika. Wa zai ji muryar tsoho a tsakiyar ganguna da begila? Sai da kira ya yi nisa sannan Lawwali ya tsinkayo shi. Lawwali shi ne Mai Sanda, jagoran da yara suka zaɓa da kansu, kuma aikinsa ne in an fara kira ya ɗaga sanda a gicciye, kowa ya tsaya. Ya ɗaga. Kowa ya tsaya cak, ban da babbar ganga. Ita kaɗai ta ci gaba, dum, dum, dum, a cikin shirun nan, har sai da na kusa da mai bugun ya riƙe masa hannu.

Laraba ranar musaya ce. Lawwali ne ya kawo tsarin bara: duk Laraba kowa ya ajiye abin da ya saba ya ɗauki wani, don ƙanana su ma su taɓa babbar ganga, wadda a da sai 'yan aji shida. Wanda ta faɗo wa yau ɗan aji ɗaya ne, gangar ta kusa fin shi girma, kuma yau ya fara rataya ta. Daɗi ya sa ya rufe ido yana ta zuba mata gula. Bai ga sanda ba, bai ji kira ba. Sai da ya buɗe ido ya gane abin da ya faru.

Lawwali bai ko dubi inda yake ba. Ya ce, "Laihina na, ban ɗaga sanda da wuri ba. Mu tahi mu yi alwala." Muka yi salla, muka watse.

Ba zan rubuta sunan yaron ba. Dokar badujalarmu ce ba a nuna mai kuskure. Kuskure na ƙungiya ne, a tsaya a sake tare. Ni na kafa dokar, ba ni zan fara karya ta ba, ko da a takardar da babu mai karantawa.

Alhamis, 11 ga Satumba, da azahar

Firinsifal, Malam Maharazu, ya kira ni ofis. Wai Malam Muhyiddeen ya aiko. Na ce me ya aiko da shi? Ya ce ya aiko dai.

"Wa yab buga?"

Na yi masa bayani tiryan-tiryan, daga ɗauke wuta har rufe ido. Na ce a shirye nake in kwashi yaran duka mu je zauren Malam mu ba da haƙuri, kuma daga yau atisaye zai riƙa tashi tun kafin la'asar ta gabato. Ya saurare ni yana kaɗa biro a kan tebur.

"Malam Isma'ila, ni ina tambayarka suna, kai kana karanta min doka. Makarantag ga doka guda ta, kuma hannuna take."

Na ce ranka shi daɗe, in na faɗa yau, gobe da wane baki zan tsaya gaban yara? Ya ce da bakin da nake cin tuwo. Ya ɗauka abin dariya ya faɗa, har ya dara. Ni ban dara ba.

Juma'a, 12 ga Satumba, bayan masallaci

A bakin masallaci wani ya tare ni, wai da gaske ne yaranmu rawa suka yi ta yi ana kiran salla? Rawa!

Lahadi, 14 ga Satumba, da yamma

Baraka ta dawo daga gidan suna da nata labarin. A can an ce da gangan muka yi, kuma wai ni ina tsaye ina tafi. Matata ce, ta san ko a bikinmu ban yi tafi ba, amma sai da ta tambaye ni. Bugu kaɗan na yaro ya zama izgili a bakin mutanen da ko hanyar makarantar ba su sani ba. Kowa a ƙasar nan ya san abin da kalmar nan take iya jawowa in ta hau kan mutum. Ba sai na rubuta ba.

Na kuma san wanda ke hura wutar. Alhaji Bashar, ciyaman na ƙungiyar iyaye da malamai, tun jiya motarsa ke ƙofar gidan Firinsifal. Ɗansa Abdulmalik ya nemi sanda a farkon shekara. Yadda muke zaɓe shi ne masu nema su tsaya a gaba, kowa ya je ya yi layi bayan wanda yake so. Layin Lawwali sai da ya kai bakin rijiya, na Abdulmalik kuwa ko inuwar dalbejiya bai fita ba. Yaron bai riƙe abin a rai ba, shi ya fara miƙa wa Lawwali hannu. Uban ne har yau bai haɗiye ba.

Ina waɗannan masu kishin suke lokacin da na karɓi badujalar nan? Manya na dukan ƙanana da gula a tsakar ka don sun saɓa bugu. Na ga yaron da ya yi sati da ƙulu a goshi. Ƙanana su ɗauko ganguna, su goge, su mayar, amma ba su isa su buga ba. Ciyaman bai taɓa tako ƙafa ya tambaya ba, Firinsifal bai taɓa kiran kowa ofis ba. Yanzu da yara ke tuƙo keke tun daga Gidan Katta don kada atisaye ya wuce su, yanzu ne aka ga lalacewar tarbiyya.

Litinin, 15 ga Satumba, bayan tashi

Abin da aka yi yau zalunci ne, kuma da sunansa zan kira shi.

An tara mu a ɗakin malamai, ga ciyaman a kujerar gaba ya harɗe ƙafa, aka shigo da Lawwali. Ya durƙusa ya gaida kowa. Firinsifal ya ce masa ya faɗi wanda ya rataya babbar ganga ran Laraba.

"Ranka shi daɗe, ni ar riƙe da sanda. Ni ban ɗaga da wuri ba. In horo za a yi, ni ya kamata a yi ma."

"Ba abin da nit tambaye ka ba ke nan. Ka san shi ko ba ka san shi ba?"

Da ya ce bai sani ba, da ƙila an wuce wurin. Amma yaron ba ya ƙarya, abin da ya ja masa ke nan.

"Na san shi, ranka shi daɗe."

"To wa na?"

"Ka yi haƙuri, ba ni iya hwaɗi."

Bai ɗaga murya ba, bai ɗaga ido ba, amma ciyaman ya zabura kamar an taka shi. "Kun ji ko? Kun ji abin da aka koya ma ɗiyan mutane?" Ni yake nufi, kuma ni yake kallo. Na miƙe zan yi magana, Firinsifal ya ce in zauna, ba a zo kaina ba. Malamai sun fi ashirin a ɗakin, kowa ya sami abin kallo a farcensa.

Hukunci: an ba Lawwali zuwa Juma'a. Ko ya kawo suna, ko ya ajiye sanda ya tafi gida har ranar da zai faɗa. Yaron da ke aji shida, jarrabawar fita na gabansa. An kuma karɓe makullin sito daga hannuna.

Talata, 16 ga Satumba, da la'asar

Sito a kulle. Ba atisaye.

Laraba, 17 ga Satumba, da yamma

Yau Firinsifal ya bi ta wata hanyar. Ya sa aka riƙa shigar masa da 'yan badujala ɗaya bayan ɗaya, ya rarrashi wasu, ya nuna wa wasu dorina. Tun hantsi har azahar. Ban gana da su ba, ban ce su yi shiru ba, Allah ne shaidata. Duk wanda ya fito sai ya wuce aji kansa a ƙasa. Babu wanda ya faɗa. Wata 'yar aji biyu mai busa sarewa, Na'ima, ta fito tana share hawaye, amma ita ma ba ta faɗa ba. Ban san lokacin da na koma bayan aji na tsaya ni kaɗai ba, don kada a ga idona.

Bayan an tashi yaron da ya buga gangar ya same ni wurin da nake ajiye babur. Duk ya zabge cikin sati guda. Ya ce shi zai je ya faɗa, ya gaji, ba ya iya cin abinci. Kafin in buɗe baki Lawwali ya iso, ashe yana biye da shi.

"Ba ka zuwa ko'ina. Ka ji abin da mutane ka hwaɗi cikin gari? In sunanka ya hita, babanka ba shi barin ka sake tako Illela, in ma abin ya tsaya nan."

Yaron ya dube ni. Na ce ya dakata tukuna, zan san abin yi. Na faɗa ne kamar wanda ya san abin yin. Lawwali ya goya shi a keke ya kai shi inda ake hawa motar ƙauyensu.

Alhamis, 18 ga Satumba, bayan magariba

Na je wurin Malam Muhyiddeen da kaina. Na tarar da shi a zaure yana duba allunan ɗalibai. Na zube na kwashe labari duka na faɗa masa, ban rage komai ba sai suna. Ya saurara har na gama.

"Ni cewa niy yi a riƙa kula da lokaci. Iyakar saƙona ke nan. Ban nemi sunan kowa ba, mi za ni yi da shi? Yaro bai ji ba, bai gani ba. Allah ba shi kama mutum da abin da bai sani ba, balle ni."

Wani sanyi ya ratsa ni. Na roƙe shi ya taka ya faɗa wa Firinsifal da bakinsa. Ya ce shi bai saba shiga sha'anin makarantar boko ba, kuma ba yanzu zai fara ba, amma in je in ce shi ya ce. Ya ƙara da cewa zai ja kunnen masu yaɗa zancen rawa a karatun asuba.

Na dawo gida da ƙarfina, har na ci tuwo na nemi ƙari. Baraka ta ce yau dai an ga haƙorana.

Juma'a, 19 ga Satumba, da hantsi

Tun kafin taron safe na shiga ofis na isar da saƙon Malam kalma da kalma. Na ɗauka magana ta ƙare.

"Ganga? Wa ka zancen ganga yanzu? Yaro ya dube ni gaban malamaina, gaban ciyaman, yac ce ba shi hwaɗi. In na ƙyale wanga, gobe wa za ya ji maganata?"

To ashe nan aka dosa. Ba kiran salla ba ne, ba Malam ba ne, ba addini ba ne. Fuskar Malam Maharazu ce aka taɓa. Sati guda ana fakewa da masallaci, da masallacin ya janye sai ga abin da ke ƙasa ya fito fili.

A taron safe aka kira Lawwali gaban makaranta duka. Aka sake tambayarsa, ya sake ba da haƙuri. Aka ce ya kawo sanda. Ya je ya miƙa ta da hannu biyu, ya ɗauki jakarsa, ya bi ta tsakiyar layuka ya fita ƙofa. Bai waiwayo ba. Nan take Firinsifal ya kira Abdulmalik ya danƙa masa, ba layi, ba zaɓe. Aka ce a yi tafi. 'Yan tafin ba su da yawa.

Ina tsaye a wurin. Ina tsaye, ban yi komai ba.

Asabar, 20 ga Satumba, da safe

Ban iya karya kumallo ba.

Litinin, 22 ga Satumba, bayan la'asar

An buɗe sito, amma makulli na hannun Firinsifal, kullum sai na je na roƙa kamar baƙo. An soke musayar Laraba. Babbar ganga ta koma hannun 'yan aji shida.

Abdulmalik ya riƙe sandar kamar wanda aka ba ajiyar maciji. Kafin a fara ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, wallahi ba ni nin nema ba." Na ce na sani. Ba ni da rigima da shi. Yana ƙoƙari, amma yara ba idonsu a sandarsa yake ba, bugu ya yi ta karo da juna kamar shanu a mashaya.

Ana cikin haka wani ƙarami ya saɓa, sai na ji ƙwas. Wani ɗan aji shida ya sauke masa gula a ka. A gabana! Abin da na yi shekaru ina kashewa, kwana uku da fitar Lawwali ya dawo da ƙafarsa. Na karɓe gular na kore shi daga fili. Da yake tafiya na ji yana gunaguni, wai ai yanzu an daina wancan yayin. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai yi ƙarya ba. Abin da aka nuna musu a taron safe ke nan.

Ƙaramin da ya buga gangar bai zo atisaye ba. Yana zuwa aji, amma ba ya ko bi ta bayan ajujuwa.

Laraba, 24 ga Satumba, da yamma

Malam Idi, mahaifin Lawwali, ya yi sallama da ni a ƙofar gida. Fataucin albasa da wake yake yi tsakanin nan da Ƙonni ta Nijar, kuma ƙanensa na da shago a can. Na shimfiɗa tabarma, ya ƙi zama.

"Malam, ni boko na kawo ɗana shi yi, ba kiɗi ba. Na yi hwaɗa, na yi lallashi, uwarshi ta yi kuka, yac ce alkawali na. Wane alkawali? Kai ka koya mishi wanga taurin kai."

Na ce ba taurin kai ba ne, amana ce. Ya ce amanar da za ta raba yaro da karatunsa a shekarar ƙarshe, in riƙe abata.

"Ni ba ni aje ƙato cikin gida shina kallon bango. In wata ya mutu ba su maishe shi ba, Ƙonni za shi, wurin ƙanena. In ya tahi kuwa ya tahi ke nan."

Na so in ji haushinsa, na kasa. Da ɗana ne, ban san abin da zan ce ba.

Alhamis, 25 ga Satumba, da azahar

Na koma wurin Firinsifal. Na ce a yi wa Lawwali bulala a mayar da shi aji, ko sandar ma kada a ba shi. Ya ce suna. Na ce a cire ni daga badujala gaba ɗaya, ni na koya musu. Ya ce wa zai kai su fareti? Suna.

Na bi malamai ɗai-ɗai a kan mu haɗu mu je mu roƙa. Kowa ya ce wallahi gaskiya ce da ni, kuma kowa yana da uzuri. Ɗaya har ya kama hannuna ya ce in yi haƙuri, in bi a hankali, canjin wurin aiki ba wuya gare shi ba. Waɗannan su ne ke koyar da darasin gaskiya da riƙon amana a aji, su ba da maki.

Juma'a, 26 ga Satumba, bayan isha'i

Gari ya manta. Tun da Malam ya yi magana a karatun asuba zancen ya mutu, yanzu kowa zancen farashin sabon gero yake. Mutum ɗaya ne a Illela bai manta ba, kuma shi ke riƙe da makulli.

Baraka ta zaunar da ni. Ta ce tunda ƙura ta lafa, me zai sami ƙaramin in an faɗa? Bulala ce da kunyar kwana biyu. Na ce da uban da zai cire shi fa? Ta ce ƙila ya cire, ƙila kada ya cire, amma na Lawwali tabbas ne. "Kana tsaron doka, yaro na rasa karatu. Dokar nan kai ka yi ta, ba sauko da ita anka yi ba."

Na yi mata tsawa. Ba ta cancanta ba.

Asabar, 27 ga Satumba, da la'asar

Na yanke shawara. Ran Litinin zan faɗa. Ni zan faɗa, ba Lawwali ba, ba kowa ba, laifin ya hau kaina. Amma sai na fara sanar da Lawwali gobe, kada ya ji a bakin wani.

Lahadi, 28 ga Satumba, bayan magariba

Ranar kasuwa. Na same shi a layin 'yan albasa yana taya yaran babansa ɗinke buhu, ya ɗaura tsumma a ka. Da ya hango ni ya yar da basilla ya taho da gudu, ya durƙusa. Tambayarsa ta farko, wai Abdulmalik ya iya juyawar kwana? Ya ce in gaya masa ya riƙa ɗaga sanda tun kafin a iso kwanar, don na baya su gani.

Na ja shi gefe, bayan wata mota, na faɗa masa abin da na yanke. Na ɗauka zai yi murna, ko aƙalla ya yi ajiyar zuciya. Sai ya kama murza ɓawon albasa a hannu.

"Malam, kar ka hwaɗa."

Na ce Lawwali, karatunka ne. Na ce gari ya manta, ba abin da zai sami yaron. Na ce ni na kafa dokar, ni kuma na ɗage ta a wannan karon.

"Ba ka iya ɗage ta, Malam. Ba taka ta ba yanzu, tamu ta. Ran da anka shiga da su ohis ɗaya ɗaya, har da masu kuka, ba wanda yah hwaɗa. In kai ka hwaɗa, mi sunka yi ke nan? Ni kuma mi niy yi? Korata ta tashi banza."

Na ce to ka fi son Ƙonni? Sai idonsa ya kawo ruwa, ya juya fuska wajen motar.

"Ina son makaranta, Malam. Wallahi ina so. Kullum da sahe in na ji ƙararrawa sai in shige ɗaki. Amma ni nib ba yaron ga gangar da hannuna, nic ce mishi kar shi ji tsoro, nan ba a dukan kowa, ba a nuna kowa. In koma aji in zamna, shi ana zane shi gaban taro? Ba ni iyawa."

Babansa ya ƙwala masa kira daga cikin rumfa. Ya goge ido da tsumman kansa, ya ce in gaida yara, ya koma bakin buhunsa.

Na je da niyyar ceto shi, na dawo kamar wanda aka kama da sata. Kuma ina jin haushi, wallahi ina jin haushi, har shi kansa ina jin haushinsa. Wa ya ce ya ɗauki maganata da gaske haka?

Litinin, 29 ga Satumba, da hantsi

Na shiga ofis. Firinsifal ya ɗago kai ya ce, "Ka zo da sunan?" Na ce na zo karɓar makullin sito.

Talata, 30 ga Satumba, da yamma

Wata ya mutu.

Laraba, 1 ga Oktoba, bayan la'asar

An yi fareti. Mun zo na ɗaya. Abdulmalik ya ɗaga sanda kafin kwana yadda aka ce ya yi, layi bai karye ba. Firinsifal ya karɓi kofi ya ɗaga sama, ciyaman na gefensa ana ta ɗaukar su hoto. Aka ba shi lasifika, ya ce badujalar makarantarmu wuri ne da ake koya wa yara shugabanci da riƙon amana. Da kunnena na ji. Na ciji leɓe har sai da na ji gishiri.

Da aka tashi na biya ta rumfar Malam Idi. Yaransa suka ce motar albasa ta tsallaka Ƙonni tun da sassafe, Lawwali na sama.

Na koma makaranta na tarar da yara a ƙofar sito suna jirana, ba mai murnar kofi. Yaron da ya buga gangar ma yana can baya, ya raɓe jikin bango. Na'ima ce ta matso, sarewarta a hannu.

"Malam, muna son mu sani. Yanzu in wani ya yi kuskure anka tambaye mu, mu hwaɗa ko kar mu hwaɗa?"

Duk suka zuba mini ido. A da, kafin ta rufe baki na ba ta amsa, har da ɗaga yatsa. Yau na dube su, 'yan aji ɗaya da 'yan aji biyu, kowa da uban da ya kawo shi karatu, na rasa wanda zan ce wa ya shirya bin motar albasa. Na kuma kasa ce musu su faɗa.

Na ce su shigar da ganguna, su jingina babbar a bango kada fatar ta sha rana. Suka shigar. Na'ima ba ta motsa ba, tana tsaye tana jira har na kulle ƙofa.